Tarihin Fitilar Gargaɗi da Sana'ar Gano Matsalar Tsofaffin Motoci Masu Haɗa Fetur da Lantarki

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da aka zana da siffar injin, wadda ke kamawa a allon da ke gaban direba idan mota ta samu matsala, doka ce ta kawo ta, kuma dokar ta tsabtar iska ce, ba ta kare aljihun mai mota ba. Wannan asali shi ya tsara abin da fitilar ke bayyanawa da abin da take yin shiru a kansa, kuma daga gare shi wata sabuwar sana'a ta tsiro a cikin tsohuwar sana'ar kanikanci, wato karanta bayanan da mota ke ajiyewa game da lafiyar kanta. Babu inda wannan sana'a ta fi nuna amfaninta kamar a jikin tsohuwar mota mai haɗa fetur da lantarki, wadda ake kira haibirid, domin ita ce motar da kunne da hancin bakanike suka fi gaza gano abin da ke damunta.

Tushen al'amarin yana birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya a Amurka, inda a shekarar 1943 wani hazo mai yaji a ido ya lulluɓe gari, har wasu suka zaci harin iskar guba ne, kasancewar ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan asalin ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon yana samuwa ne idan hasken rana ya faɗa kan hayaƙin motoci da na masana'antu, kuma da jihar ta kafa hukumar kula da tsabtar iska a 1967 shi ne ya fara shugabantarta. Gwamnatin tarayyar Amurka ta biyo baya da doka mai tsauri a 1970, wadda ta sa daga 1975 akasarin sababbin motoci suka zo da katalis, wato wata tukunya a cikin salansa mai ɗauke da yumɓu mai ƙananan ramuka da aka shafe da ƙarafa masu tsada, waɗanda ke ƙone dafin hayaƙi kafin ya fita. Irin katalis ɗin da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970 ba ya aiki sosai sai an haɗa iska da fetur a kan ma'auni guda, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi, kuma kafireta ba ta iya riƙe wannan ma'auni da kanta. Saboda haka aka dasa sensa a cikin salansa, wato ƙaramar na'ura mai auna abu ta aika da sakamako ta waya, domin ta auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, sannan aka sa kwamfuta ta riƙa gyara yawan man da ke shiga injin bisa abin da sensar ta faɗa.

Kafin wannan sauyi, bakanike yana aiki ne da gaɓoɓinsa: ya saurari bugun injin, ya shinshina hayaƙi, ya kwance fulogi ya dubi launin bakinsa, ya murɗa kusoshin kafireta har sautin ya daidaita. Da kwamfuta ta shiga tsakanin ƙafar direba da injin, sai aka samu wani irin lahani da bai taɓa wanzuwa ba, wato motar da ke tafiya lafiya lau a hannun mai ita alhali tana fitar da dafi ninkin abin da doka ta yarda. Mai motar ba shi da dalilin zuwa gareji, kuma hukuma ba ta da hanyar sanin abin da ke faruwa. Fitilar gargaɗi ita ce maganin da aka samo wa wannan giɓi.

A farkon shekarun 1980 kamfanin General Motors ya fara sa wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake karanta bayanan kwamfutar mota ta cikinta, sauran kamfanoni kuma suka bi, kowa da tasa kafar da nasa lambobin. A yawancin motocin wancan zamani, bakanike kan haɗa baki biyu na kafar da guntun waya, sai fitilar ta fara ƙiftawa, shi kuma ya ƙidaya ƙiftawar ya duba ma'anarta a littafin kamfani; a motocin Toyota bakunan biyu su ne TE1 da E1. Kalifoniya ta wajabta wannan tsari na binciken kai a ƙarshen shekarun 1980, amma da yake ba ta tilasta wa kamfanoni su yi magana da harshe ɗaya ba, ƙaramin gareji ya kasance yana buƙatar na'ura dabam ga kowane kamfani. Gyaran wannan kuskure shi ne tsari na biyu da aka sani da OBD-II, wanda ya zama wajibi ga dukkan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga samfurin 1996, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki makamancinsa ga motocin fetur a 2001.

Abin da wannan tsari ya kafa yana nan har yau. Kowace mota tana da kafa iri ɗaya mai baki 16 kusa da kujerar direba, kuma kowace matsala tana da lamba mai harafi ɗaya da alamomi huɗu: P na injin da giya, C na birki da ƙafafu, B na jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutoci. Lambar da ta fara da P0 ma'anarta ɗaya ce a kowace mota, ta yadda P0301 a ko'ina take nufin silinda ta farko tana tsallake wuta, P0420 kuma katalis ya rage ƙarfin tacewa. Ƙa'idar kunna fitilar ma a rubuce take, kuma daga cikinta ake gane wanda aka yi fitilar dominsa: dole ta kama idan lahani zai iya sa hayaƙi ya wuce ma'aunin doka da ninki ɗaya da rabi, yawancin matsaloli sai an gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kama, tana mutuwa da kanta bayan tafiya uku ba tare da matsalar ta sake bayyana ba, tana ƙiftawa ne kawai idan tsallaken wuta ya yi tsananin da ɗanyen fetur zai ƙone katalis. Murfin tankin mai da bai rufu da kyau ba yana iya kunna ta, domin tururin fetur yana gurɓata iska, alhali injin da ke shan baƙin mai a hankali yana iya kaiwa bakin mutuwa ba tare da ta ce komai ba. Haka kuma lambar tana bayyana abin da kwamfuta ta gani ne, ba sunan kayan da ya lalace ba, kuma rashin fahimtar wannan bambanci ya jawo wa masu motoci asara mai yawa.

Shekara ɗaya bayan wannan tsari ya kafu aka fito da motar da za ta fi kowace dogaro da shi. Tunanin haɗa injin fetur da na lantarki tsoho ne, domin Ferdinand Porsche ya ƙera irin wannan mota a Biyana tun wajajen 1900, amma sai da kwamfuta ta yi arha kafin ya zama abin sayarwa ga jama'a. Kamfanin Toyota ya fara wani shiri mai suna G21 a 1993, aka ɗora Takeshi Uchiyamada a kansa, daga baya kuma shugabanni suka buƙaci motar ta ninka tafiyar da takwarorinta ke yi da lita ɗaya, abin da ba zai yiwu da injin fetur kaɗai ba. Motar gwaji ta farko ta shafe kwana 49 ba ta motsa ba. An fara sayar da motar, mai suna Prius, a Japan a Disamban 1997, watan da aka yi taron sauyin yanayi na Kiyoto. Honda ta fito da Insight a 1999. Prius ta isa Amurka da Turai a 2000. Zubi na biyu ya fito a 2003, na uku a 2009, a tsakani kuma tsarin haibirid ɗin ya shiga Highlander da Lexus RX 400h da Camry. Waɗannan motoci na tsakanin 2003 da 2015 su ne tsofaffin da suka cika garejoji a yau.

Ba za a fahimci fitilunsu ba sai an san ƙirarsu. A tsarin Toyota babu giya irin wadda aka sani, sai wani rukunin haƙora guda da ya haɗa injin fetur da injinan lantarki biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin shi ke tayar da injin fetur kuma shi ke samar da wuta, saboda haka motar ba ta da kik kuma ba ta da altaneta. Babban shi ke tura ƙafafu, kuma idan aka taka birki sai ya koma janareta ya mayar da ƙarfin gudu cikin batir. Tsakanin batir da injinan akwai inbata, wato na'urar da ke juya tsayayyar wutar batir ta zama wuta mai kai da komo, wadda a zubi na biyu take ɗaga ƙarfin zuwa volt 500, a na uku zuwa 650, kuma tana da nata ruwan sanyaya da nata famfon, dabam da na lagireton injin. Batir biyu ne: babba a bayan kujera, da ƙarami mai volt 12. A kan duk wannan akwai kwamfutoci da yawa, ta injin da ta batir da ta birki da babbar da ke raba musu aiki, kowace da nata lambobin.

Wannan ƙira ta rushe yawancin alamomin da bakanike ya gada. Injin da ya mutu a mahaɗar hanya, wanda a tsohuwar mota alamar matsala ce, a nan aikinsa yake yi. Shirun mota ba ya nufin a kashe take, domin muddin fitilar READY tana kunne injin na iya tashi da kansa ko da an tsiyaye masa mai ko hannun mutum na cikinsa. Kuma a gefen tsohuwar fitilar injin sai ga wata sabuwa, jan alwatika mai alamar motsin rai a tsakiya, wadda ba ta faɗin komai face cewa wata kwamfuta a wani wuri ta ga abin da bai yi mata ba. An ware wa tsarin lantarkin lambobi masu farawa da P0A da P3, kuma Toyota ta ƙara wa kowace wata ƙaramar lamba mai alamomi uku da ke fayyace wurin da matsalar take, ta yadda lamba ɗaya kan rabu gida goma ko fiye. Na'urar bincike mai arha da ke tambayar kwamfutar injin kaɗai tana iya cewa babu matsala alhali jan alwatikan yana kunne.

Muddin motocin suna sababbi, wannan ilimi ya tsaya a hannun dilolin kamfani, domin a lokacin a Amurka garantin kayan lantarkin shekara takwas ne ko mil 100,000, a Kalifoniya da jihohin da suka bi dokarta kuma batir yana da shekara goma ko mil 150,000. Sana'ar gyaran haibirid a wajen kamfani ta fara ƙarfi ne lokacin da garantin ya fara ƙarewa, kuma masu tasi na manyan birane, waɗanda ke cin nisan shekara goma a cikin shekara uku, su ne suka fara nuna yadda motar ke tsufa. Abin da aka koya daga gare su ya saɓa wa tsoron da aka yi tun farko, domin injinan lantarki da rukunin haƙoran ba safai suke lalacewa ba, sai dai ƙananan abubuwa masu arha da ke yi musu hidima.

Na farko shi ne ƙaramin batir mai volt 12. Ba ya juya injin, saboda haka ba ya yin gargaɗin da direba ya saba ji na kik mai nauyi da safe. Aikinsa shi ne tayar da kwamfutoci da rufe makunnan da ke haɗa babban batir da sauran mota. Idan ya yi rauni, kwamfutocin kan tashi a rikice, kowace ta rubuta cewa ta rasa sadarwa da 'yar'uwarta, allon ya cika da fitilu, na'urar bincike kuma ta zubo lambobi da yawa marasa alaƙa da juna. Ƙwararru sun mayar da shi ƙa'ida cewa ba a gaskata kowace lamba sai an auna wannan batir, wanda cikakkensa ke nuna kusan volt 12.6 a huce, kuma wanda ya faɗi ƙasa da 12 abin zargi ne.

Babban batir shi ne inda tarihin sana'ar ya fi yawan rigima. A zubi na biyu da na uku na Prius, batirin nikel ne mai ɗauke da fale-fale 28, kowane da ƙwayoyi shida masu volt 1.2, jimilla ƙwayoyi 168 da volt 201.6. Kwamfutar batir ba ta barin sa ya cika ko ya ƙare, tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin ɗari, wanda shi ne sirrin daɗewarsa, kuma tana auna fale-falen bibbiyu, wato rukuni 14, tana kwatanta su da juna. Idan ƙwaya ɗaya ta mutu, rukuninta kan faɗi ƙasa da sauran da kimanin volt 1.2, sai lambar P0A80 ta fito, wadda fassararta a littafin kamfani ita ce a canza batir gaba ɗaya. Tsadar sabon batir ta haifar da wata ƙaramar masana'anta a Amurka da Japan da sauran wurare, ta masu buɗe batir su cire falen da ya mutu su sa wani na hannu. Aikin yana kashe fitilar, amma sau da yawa na ɗan lokaci ne, domin sauran fale-falen 27 shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, kuma baƙon da aka sa idan ƙarfinsa bai yi daidai da nasu ba shi kansa yakan zama sabon dalilin rashin daidaito. Masu yin aikin da gaskiya sukan yi wa kowane fale caji su sauke shi sau da yawa, su auna abin da yake iya riƙewa, su haɗa masu ƙarfi ɗaya, aikin da ke cin kwanaki. Masu gaggawa kuwa sukan auna volt kawai a huce, wanda ba ya nuna yadda fale zai yi idan aka ɗora masa nauyi. Akwai kuma lokutan da ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, tsatsa ce ta ci tagullar da ke haɗa su ko siraran wayoyin awo, kwamfuta ta karanta ƙarya. Babban abin da ke kashe batirin shi ne zafi, kuma fankar da ke sanyaya shi tana jan iska ne daga cikin mota ta wata 'yar taga kusa da kujerar baya, inda ƙura da gashi da zare ke taruwa shekara da shekaru ba wanda ya duba.

Famfon ruwan inbata na zubi na biyu misali ne na yadda ƙaramin abu ke shafa wa babba baƙin jini. Idan ya tsaya, inbata ta yi zafi a kan doguwar hanya, jan alwatika ya kama tare da lambar P0A93, wani lokaci kuma na'urar sanyaya ɗaki ta ɗauke. Idan mota ta huce sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Gwajin ba ya buƙatar kwamfuta, domin idan aka buɗe murfin ƙaramin tankin ruwan inbata mota tana kunne, ana ganin ruwan yana motsi idan famfon na aiki. Toyota ta canza wannan famfo kyauta a wani shiri na 2010, sannan ta sa shi cikin kiran gyara na 2012. A zubi na uku inbata ɗin kanta ce ta ba da wahala, har kamfanin ya kira motoci kimanin miliyan 1.9 a Fabrairun 2014 domin sauya manhajar da ke barin wasu sassanta su yi zafi, ya sake kiran kimanin miliyan 2.4 a 2018. Motar da ta bar ƙasar da aka sayar da ita kafin a yi mata wannan gyara tana iya kasancewa da tsohuwar manhajarta.

Injin fetur ɗin ma yana da nasa tsufan, kuma a zubi na uku, mai lita 1.8, ya fi fitowa fili. Domin rage zafin ƙonewa, an sa wata hanya mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin bayan an sanyaya shi, wadda ake kira EGR. Da tafiya ta yi nisa, baƙin toka kan toshe ma'ajin sanyayawar da ƙananan ramukan da ke raba hayaƙin ga silinda huɗu, lambar P0401 ta fito ko ma ta ƙi fitowa, kuma kanikawa da yawa suna danganta wannan toshewa da ƙonewar gaskit na kan injin da ake yawan gani a wannan zubi. Alamar farko ita ce jijjiga da ƙara mai tsanani na ɗan lokaci idan an tayar da mota da sanyin safiya, saboda ruwan da ya ɗiga cikin silinda da dare. Ƙarar tana da ban tsoro fiye da ta sauran motoci domin injin a haɗe yake da injinan lantarki ba tare da wani abu mai ruwa da zai shanye bugun ba. Kwamfuta ba ta san gaskit ba, abin da ta gani shi ne tsallaken wuta, sai ta rubuta P0301 ko makamanciyarta, kuma wanda ya bi lambar ido rufe zai canza fulogi da koyil, ƙarar ta lafa kwana biyu, ruwan lagireto kuma ya ci gaba da raguwa.

Mafi ruɗarwa ita ce matsalar da lambobin P3190 da P3191 ke nunawa, wato injin ya ƙi kamawa ko ya kama ba ƙarfi. Da yake ƙaramin injin lantarki yana juya injin fetur da saurin da ya kai na injin da ke aiki, mai saurare zai rantse cewa motar ta tashi na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu, alhali ko sau ɗaya wuta ba ta kama ba. Dalilin kan kasance abu mai sauƙi, kamar ƙarewar mai, ko mutuwar famfon mai, ko datti a maƙogwaron iska da sensar da ke auna ta. Haɗarin yana cikin maimaita gwaji, domin kowane yunƙuri daga babban batir yake ci, kuma idan ya ƙare babu abin da zai cika shi sai injin da ya ƙi tashi, ko caja ta musamman da ƙananan garejoji ba su da ita. Wata lambar, P0AA6, tana nufin wutar mai ƙarfi ta fara zurara zuwa jikin mota, kuma ɗaya daga cikin sanannun dalilanta shi ne zuba man kwamfuresa na gama-gari a na'urar sanyaya ɗaki, alhali kwamfuresar haibirid tana da injin lantarki a cikinta da ke buƙatar mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Duk wayar da ke ɗauke da wannan wuta an yi mata fata ruwan lemo, kuma ƙa'idar aiki ita ce a sa safar hannu mai jure volt 1,000, a zare makullin batir, a jira minti biyar zuwa goma kafin a taɓa komai.

Kayan karanta lambobin sun bi tasu hanyar daga tsada zuwa arha. Manhajar Toyota ta dilolinta, Techstream, ita ce ke ganin kowace kwamfuta da ƙananan lambobin; amma wani ƙaramin kamfani a Kanada ya ƙera guntun na'ura mai suna ELM327 da ke fassara harshen mota ga kwamfuta ta gida, masana'antun Sin suka kwaikwaye shi da yawan gaske, kuma da wayoyin zamani suka yaɗu sai aka samu manhajoji irin su Torque da Dr. Prius masu nuna ƙarfin rukunan batir 14 a kan allon waya yayin da mota ke tafiya. A ɓangaren doka, jihar Masacusets ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni su sayar wa garejoji masu zaman kansu bayanan da dilolinsu ke samu, kamfanonin kuma suka amince a 2014 su bi wannan a duk faɗin Amurka. Na'urar ta yi arha, amma sanin abin da za a yi da lambar bai yi arha tare da ita ba.

Mataki na baya a tarihin waɗannan motoci shi ne ƙaura. Tsadar binciken lafiyar mota na dole a Japan tana sa mutane su rabu da motoci da wuri, saboda haka tsofaffin Prius suka kwarara zuwa Mongoliya da Siri Lanka da Pakistan da Niyu Zilan, har suka zama motar da aka fi gani a titunan Ulanbato, babban birnin Mongoliya. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Nijeriya da Nijar, masu tuƙi a hannun dama, suna samun nasu ne galibi daga Amurka da Turai, ta tashoshin Legas da Kwatano da Lome, kuma ko da yake Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, sunan motar Kwatano bai bar bakin mutane ba. An daɗe ana gudun haibirid a kasuwannin nan saboda tsoron batir, amma cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa masu saye sun fara duban ta da wani ido.

A nan fitilar ta iso wurin da dokar da ta haife ta ba ta biyo ta ba. A Kalifoniya motar da fitilar injinta ke kunne ba ta cin gwajin hayaƙi, ba kuma a sabunta mata takardu, wanda shi ke tura mai ita gareji. Inda babu irin wannan tilas, mutane kan saba da ita har su daina ganinta, kuma sabuwar matsala ta ɓuya a bayan tsohuwa tunda fitila ɗaya ce ga lambobi ɗaruruwa. Wasu dabarun da kanikawa suka gada daga zamanin Fijo suna cutar da haibirid fiye da kowace mota. Cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa lagireto har sai injin ya ɗumama, yana sa injin ya daɗe bai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, saboda haka ya ƙi mutuwa a inda ya kamata ya bar wa lantarki aiki, tanadin man da aka sayi motar dominsa kuma ya tafi. Katalis ɗin da aka fasa aka sayar saboda ƙarafan cikinsa yana barin P0420 a kunne har abada, ƙurar hunturu tana toshe fankar batir da sauri fiye da yadda masu ƙirar suka yi lissafi, zafin bazara kuma yana samun batirin da ya riga ya ci shekara goma sha biyar. Aikin ya faɗa tsakanin bakanike da mai rewaya, domin rabinsa na injin ne rabinsa na waya, kuma waɗanda suka fi cin nasara a kansa su ne matasan da suka haɗa biyun da karatun allo.

Goge lambobi kafin a kai mota kasuwa, ko cire ƙwan fitilar, ko liƙe ta daga ciki, dabara ce da ta girmi haibirid, kuma masu tsara OBD-II sun yi tanadi dominta tun farko saboda masu son tsallake gwajin hayaƙi. Kowace fitila dole ta kama na ɗan lokaci idan aka kunna mota kafin injin ya tashi, don haka wadda ba ta kama ba abin zargi ce. Kwamfuta tana riƙe da jerin gwaje-gwajen da take yi wa katalis da sensa da EGR, kuma goge lambobi ko cire kan batir yana mayar da su duka matsayin waɗanda ba a kammala ba, har sai an yi tafiya mai yawa a yanayi dabam-dabam. Motocin da suka biyo baya suna kuma nuna nisan da aka yi tun gogewar ƙarshe. Daga wajajen samfurin 2010 aka ƙara wani nau'in lamba mai ɗorewa a motocin Amurka, wadda na'urar bincike ba ta iya gogewa kuma cire batir ba ya share ta, sai kwamfutar da ta rubuta ta ta sake yin gwajin da kanta ta ga matsalar ta kau.